TrueNAS, Unraid da OpenMediaVault: abin da na gani a shagon hoto a Agege

Yayana yana da shagon ɗaukar hoto da bidiyo a Agege, kuma yawancin aikinsa na 'yan uwanmu Hausawa ne mazauna Legas, wato ɗaurin aure da walima da suna da saukar Alƙur'ani. Shekara da shekaru hanyar ajiyarsa ɗaya ce: a cika ƙaramin faifan ajiya na hannu, a manna masa takarda da sunan mai biki, a saka a durowa. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan fayafai ya ƙi tashi, alhali a cikinsa akwai bidiyon auren 'yar wani dattijo na Mile 12 da ba a kai ga miƙa masa ba, ranar ce ya kira ni ya ce, "Kai ne ka san kwamfuta, ka nemo mana mafita, amma kada ka kawo mini abin da zai sa yara su zauna suna jiran fayil." Na ce masa, "Yaya, ka ba ni wata biyu in gwada, domin ba na so in zaɓa maka da ji kawai." Mafitar ita ce rumbun ajiya na cikin shago, wato kwamfuta ɗaya da aka tara wa manyan fayafai, aka haɗa ta da sauran kwamfutoci ta kebul, kowa ya riƙa ajiya da ɗauka daga gare ta. Kwamfutar kanta ba ta da wuyar samu. Abin da ya buƙaci nazari shi ne manhajar da za ta tafiyar da ita.

Na sayi tsohuwar kwamfutar tebur a Computer Village da ke Ikeja, mai injin Intel Core i5 da ƙwaƙwalwar aiki gigabait 16, wadda masu gyara ke kira ram, na sa mata fayafai huɗu masu terabait 4 kowanne. A kan wannan na'ura ɗaya na ɗora manhajoji uku, wato TrueNAS da Unraid da OpenMediaVault, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta yi kusan mako biyu tana hidimar kwamfutoci uku na masu tace bidiyo, dukkansu Windows, yayin da ainihin kayan mutane ke nan a tsofaffin fayafai don kada gwaji ya jawo asara.

Biyu daga cikin ukun 'yan gida ɗaya ne. A shekarar 2005 wani Bafaranshe, Olivier Cochard-Labbé, ya fara manhajar rumbu mai suna FreeNAS a kan FreeBSD, wanda tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar yadda Windows yake. A 2009 ɗaya daga cikin masu aikin, Volker Theile, ya ga ya fi son gina nasa a kan Debian, wani reshe na tsarin Linux, daga nan aka samu OpenMediaVault, shi kuma FreeNAS ya koma hannun kamfanin iXsystems na Amurka, wanda a 2020 ya sauya masa suna zuwa TrueNAS CORE, sannan a 2022 ya fitar da TrueNAS SCALE a kan Linux. Wannan na Linux shi ne kamfanin ya mayar da hankalinsa a kai, kuma shi na gwada. TrueNAS da OpenMediaVault kyauta ne. Unraid kuwa na kamfanin Lime Technology ne, na kuɗi ne, sai dai yana ba da kwana 30 na gwaji, kuma a cikin waɗannan kwanaki na yi nawa aikin.

Gwajin farko shi ne wanda Yaya ya fi damuwa da shi, wato ɗauko babban fayil ɗin bidiyo daga rumbu zuwa kwamfutar mai tacewa, kuma a nan dukkan ukun kunnen doki suka yi. Dalilin ba ya cikin manhaja. Layin gigabit ɗaya, wanda shi ne a kusan kowace kwamfutar da ake sayarwa a kasuwa, iyakarsa megabait 125 a daƙiƙa a lissafi, idan kuma aka cire abin da tsarin sadarwar ke ci, abin da ke isa hannu bai cika wuce 110 zuwa 117 ba. Faifai ɗaya mai juyi na wannan zamani ya fi haka gudu idan yana karanta babban fayil a jere. Saboda haka bidiyo mai gigabait 50 yakan ɗauki kimanin minti bakwai da rabi ko a kan wace manhaja, domin kebul ɗin ne ya zama ƙuntatacciyar ƙofa, kuma duk ukun da manhaja ɗaya, wato Samba, suke magana da Windows. Duk wanda ya gaya maka cewa wata manhaja ta ninka wata gudu a kan layin gigabit wajen karanta babban fayil, ka fara tambayarsa irin kebul da akwatin rarraba layin da ya yi amfani da su. Ni kaina na yi kwana biyu ina zargin OpenMediaVault da nawa, ashe wata waya ce a cikin kebul ɗin ta katse, layin ya sauka zuwa megabit 100, wato kashi ɗaya cikin goma na gigabit. Tun daga ranar ba na fara auna komai sai na gwada layin shi kaɗai da manhajar auna gudun layi mai suna iperf3.

Bambanci ya fara bayyana ne wajen zuba kaya a cikin rumbu. TrueNAS yana amfani da tsarin ajiye fayiloli na ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙira ya fitar a 2005, kuma ɗabi'arsa ita ce ya tara abin da ake turo masa a ƙwaƙwalwar aiki, sannan ya sauke shi a kan dukkan fayafai tare, aƙalla sau ɗaya a duk daƙiƙa biyar. Da na haɗa fayafai huɗun a tsarin RAIDZ1, wanda ke haɗe su wuri ɗaya ya kuma jure mutuwar faifai ɗaya, rubutu ya cika layin daga farko har ƙarshe. OpenMediaVault, da na haɗa masa RAID 5, wanda shi ma ke jure mutuwar faifai ɗaya, ta manhajar mdadm, da tsarin fayiloli na ext4 a kai, shi ma ya kusa cika layin, sai ɗan hawa da sauka da ba ya damun mai aiki. Unraid ne ya ja da baya, kuma ba kuskure ba ne, haka aka tsara shi. Shi ba ya yanka fayil ya rarraba wa fayafai. Kowane fayil yana zama cikakke a faifai ɗaya, sannan a keɓe faifai guda, ko biyu, don lissafin kariya, wanda da shi ake sake gina faifan da ya mutu. Kafin ya rubuta ko da ɗan guntu ne, sai ya karanta tsohon abin da ke wurin, ya karanta tsohon lissafin kariya, ya yi sabon lissafi, sannan ya rubuta a fayafai biyun, kuma wannan kai-komo ne ke rage gudun. Ranar Litinin da yara suka dawo da katunan kyamara na bukukuwan ƙarshen mako, zubin da TrueNAS ya gama kafin a sha shayi, a kan Unraid sai da aka jira shi sosai.

Unraid yana da magani biyu ga wannan. Akwai saitin da ke sa ya tayar da dukkan fayafai ya lissafa kariya kai tsaye, wanda ya ɗaga gudun ƙwarai. Akwai kuma sanya faifan SSD, wato faifai marar juyi mai sauri, a matsayin zaure, inda sabon kaya zai fara sauka da sauri, sannan da dare wata ƙaramar manhaja ta kwashe shi zuwa cikin gida. A ƙasar da wuta ba ta yankewa wannan dabara ce mai kyau. A Agege kuwa dare shi ne lokacin da shago ke rufe, janareto a kashe, kuma ba tabbas akwai wuta, don haka sai kaya ya kwana biyu ko uku a zaure, alhali abin da ke zaure ba ya ƙarƙashin faifan kariya sai idan SSD biyu ka sa tagwaye. Ana iya sauya lokacin kwashewar zuwa rana, kuma na sauya, amma mutumin da bai san da wannan ba zai ɗauka bidiyon mutane yana cikin kariya alhali yana kan faifai ɗaya tal.

Wajen ƙananan fayiloli, kamar jakar hotuna dubu uku na biki ɗaya, dukkansu sun sauka ƙasa da abin da layi zai iya ɗauka, domin kowane fayil sai an yi masa sallama da bankwana tsakanin Windows da Samba, kuma kan faifan sai ya yi ta tsalle daga nan zuwa can. A nan TrueNAS ya nuna wata fifiko da mai aiki ke ji a hannunsa. ZFS yana riƙe abin da aka buɗe kwanan nan da kuma abin da ake yawan buɗewa a ƙwaƙwalwar aiki, saboda haka jakar da yara uku ke ta shiga suna fita tana buɗewa nan take a karo na biyu. Linux ma yana yin irin wannan riƙo a sauran biyun, sai dai da zarar wani ya zuba ƙaton bidiyo, abin da aka riƙe yakan gushe, yayin da na ZFS ya fi jurewa. Farashin wannan shi ne ram. Kamfanin ya ce gigabait 8 ne mafi ƙaranci, kuma ban ga hikimar tsayawa a mafi ƙarancin ba idan mutane uku za su yi aiki lokaci ɗaya.

Na aro katin layi mai gigabit biyu da rabi na kwana uku don in ga abin da zai faru idan ƙofar ta faɗaɗa. Irin wannan layi yana kai wa kimanin megabait 280 a daƙiƙa, kuma TrueNAS da OpenMediaVault, da yake suna karantawa daga fayafai da yawa tare, sun bi layin zuwa sama. Unraid ya tsaya a gudun faifai ɗaya, tunda fayil ɗin a faifai ɗaya yake. Wanda ke da niyyar tace bidiyo kai tsaye daga rumbu ba tare da ya sauko da shi ba, ya san da wannan tun kafin ya biya kuɗin lasisi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya raba mini gardama shi ne halin kowace manhaja idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, kuma na gwada wannan da gangan, na zare waya yayin da ake zuba fayil, domin na san ko ban zare ba wata rana za a zare mini. ZFS ba ya rubutu a kan tsohon bayani. Sabon wuri yake nema ya rubuta, sai ya kammala sannan ya sauya manuni zuwa sabon, saboda haka idan wuta ta yanke, abin da za ka rasa shi ne na 'yan daƙiƙun ƙarshe, amma rumbun yana tashi daidai, ba tare da wani dogon gyara ba. Da na mayar da wuta, TrueNAS ya tashi, aka sake zuba fayil ɗin da ya katse, aiki ya ci gaba. Unraid, idan ya ga ba a kashe shi ta hanyar da ta dace ba, yakan fara duba lissafin kariya daga farkon faifai har ƙarshe, kuma a faifai mai terabait 4 wannan aikin sa'o'i takwas ne ko fiye. Ana iya aiki yana dubawa, amma komai yana yin nauyi, kuma idan aka sake ɗauke wuta kafin ya gama, to an koma gidan jiya. A unguwar da wuta ke iya tafiya sau uku a yini, wannan ya taɓa gudun aiki fiye da duk wani adadi da na auna. OpenMediaVault ya tashi da wuri, domin mdadm yana riƙe taswirar wuraren da ake kan rubutawa, ext4 kuma yana da littafin da yake komawa gare shi. Sai dai RAID 5 irin wannan yana da wani sanannen rauni: wuta na iya yankewa bayan an rubuta bayani kafin a rubuta kariyarsa, su saɓa wa juna, kuma ba lallai ka sani ba sai ranar da faifai ya mutu ana son sake gina shi.

Akwai kuma lalacewar da ba ta da ƙara. Faifai yana iya mayar maka da bayani gurɓatacce ba tare da ya ce komai ba, musamman tsohon faifai da ya sha zafi da laimar Legas. ZFS yana buga wa kowane guntun bayani hatimin lissafi, yana duba hatimin duk lokacin da aka karanta, idan ya ga saɓani ya gyara daga kariya, kuma ana saita shi ya zagaya dukkan rumbun lokaci zuwa lokaci yana wannan bincike. Ext4 ba ya yi wa abin da ke cikin fayil irin wannan hatimi, haka ma XFS da Unraid ya saba amfani da shi. Gaskiya ne cewa Unraid ya karɓi ZFS tun sigar 6.12 a 2023, kuma ana iya ƙara shi a OpenMediaVault ta ƙarin omv-extras, amma a TrueNAS shi ne ginshiƙin gidan, komai a kansa aka gina, kuma hakan yana bayyana a sauƙin saiti. Ga mai ajiye fina-finan da zai iya sake saukewa wannan ba babban abu ba ne. Ga wanda aka ba amanar bidiyon auren 'yar mutum, wanda ba za a sake ɗaura shi don kyamara ba, ni a wurina wannan ya fi megabait goma ko ashirin na gudu nauyi.

Ba zan rage wa Unraid haƙƙinsa ba, domin a fuska biyu ya fi sauran dacewa da aljihun mutanenmu. Yana karɓar fayafai masu girma daban-daban, terabait 2 da 4 da 8 a haɗe, muddin faifan kariya bai gaza mafi girmansu ba, kuma kana iya ƙara ɗaya duk lokacin da kuɗi ya samu. A ZFS kuwa, fayafan da ke rukuni ɗaya duk ana ɗaukarsu da girman ƙaraminsu, kuma sai a sigar TrueNAS 24.10 ta ƙarshen 2024 aka samu damar ƙara faifai ɗaya a kan RAIDZ da aka riga aka gina. Fuska ta biyu ita ce cin wuta. Tunda kowane fayil a faifai ɗaya yake, Unraid yana barin sauran su yi barci, ɗaya kawai ya juya, yayin da RAIDZ da RAID 5 ke tayar da duka huɗun don fayil ɗaya. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi tsawon lokaci, zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya a watan Afrilun 2024, ga kuma masu dogaro da inbata da batir, 'yan wat ɗin da kowane faifai ke ci dare da rana sun zama abin lissafi. Har ila yau, idan fayafai biyu suka mutu a Unraid mai kariya ɗaya, abin da ke kan waɗanda suka rage yana nan, ana iya karanta shi a wata kwamfutar, alhali a RAIDZ1 mutuwar biyu na nufin komai ya tafi. Matsalar Unraid ita ce kuɗi: a sauyin farashi na 2024 an sa ƙaramin lasisi na fayafai shida dala 49, na dindindin kuma dala 249. Sannan sigar da na gwada daga filash take tashi, lasisin yana ɗaure da lambar filash ɗin, kuma filash na jabu, waɗanda suka cika kasuwa, sau da yawa ba su da lambar da ta keɓanta da su.

OpenMediaVault shi ne mafi sauƙin nauyi, har a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi yana tafiya, kuma wanda ke da tsohuwar kwamfuta mai ram gigabait 4 da faifai ɗaya ko biyu, kamar ofishin makarantar Islamiyya ko ƙaramin shagon buga takardu, ba ya buƙatar ya wuce shi. Sai dai abubuwa da yawa sai ka haɗa da hannunka, kuma yana da kyau ka san Debian ko kaɗan.

Ko wace manhaja ka zaɓa, irin faifan da ka saya yana iya rusa lissafin gaba ɗaya. A 2020 ta bayyana cewa wasu fayafan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 suna amfani da salon rubutu na SMR, wanda layukansa ke hawa kan juna, kuma irin waɗannan suna yin nawa matuƙa idan ana sake gina rumbu, har iXsystems ta ja kunnen masu ZFS a kansu. Daga baya kamfanin Western Digital, mai yin fayafan, ya ware WD Red Plus don masu salon CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna. Saboda haka kafin ka biya a Ikeja ko Alaba, ka duba lambar samfurin, ka kuma sa a haɗa faifan a kwamfuta a buɗe bayanan SMART, wato bayanan lafiyar faifan, ka ga awa nawa ya yi yana juyi, domin sabon kwali ba ya nuna shekarun abin da ke ciki.

Na zaɓa wa Yaya TrueNAS, amma ban bar shi a RAIDZ1 ba, na mayar da shi RAIDZ2, wanda ke jure mutuwar fayafai biyu. Da ya ji cewa daga terabait 16 da ya biya takwas kawai za mu yi amfani da su, ya ce, "To rabin kuɗina fa?" Na ce, "Yaya, rabin ne ke gadin ɗaya rabin, kuma fayafan nan tare muka saye su, tare suke tsufa, idan ɗaya ya faɗi ana cikin sake gina shi na biyu zai iya bi." Ya yi shiru, sannan ya ce in yi abin da na ga ya dace. Na ƙara na'urar UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta yanke, mai kebul na USB, na saita rumbun ya kashe kansa cikin tsari idan wuta ta yi 'yan mintuna ba ta dawo ba kuma ba a tayar da janareto ba, na kuma sa ya riƙa ɗaukar hoton halin da rumbun ke ciki duk bayan awa ɗaya a lokacin aiki. Wannan na ƙarshe ya riga ya yi amfani: wani yaro ya goge jakar hotunan suna bisa kuskure, muka dawo da ita daga cikin Windows a 'yan mintuna. Abin da ya rage shi ne kwafi na biyu a wajen shagon, domin gobara ko ɓarawo ba ruwansu da RAIDZ2, kuma mun tsayar da cewa bayan babbar Sallah, idan kuɗin aikin bukukuwa ya shigo, za mu haɗa ƙaramar kwamfuta a gidan Yaya wadda rumbun shago zai riƙa tura mata abin da ya sauya kowace rana.